Na ƙirga kalmomi, lissafi ya ce Hausa 'yar Larabci ce

Tambaya: Malam, ina rubuta kundin digirina na biyu a kan kalmomin aro. Na bi ƙamus shafi-shafi ina ware kalmomin da suka yi kama da Larabci, suka taru da yawa har na rubuta cewa Hausa daga Larabci ta fito. Mai duba aikina ya soke babin gaba ɗaya da jan biro, ga lokacin kare kundi ya matso. Ba alƙaluma ne hujja ba? Ko dai ba ya so na gama ne? (Wata ɗaliba daga Zariya)

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki, malaminki ya taimake ki. Gara jan bironsa da tambayar mai jarrabawa na waje ranar kare kundi.

Matsalar tana wurin abin da kika ƙirga. Ƙamus rumbu ne, ana zuba masa na gado da na aro ba a tankaɗe ba. Ƙamusun Hausa na Bargery kaɗai, wanda ya fito a 1934, yana da kalmomi wajen dubu 39. Idan kika ƙirga alƙali, alƙalami, albasa, sallah da lahira, abin da kika auna shi ne daɗewar addini da karatu da fatauci a ƙasar Hausa. Wannan bincike ne mai kyau, masanin harsuna Joseph Greenberg ma ya yi rubutu a kansa tun 1947, amma bai shafi asali ba. Wanda ya ari riga bai canza uba ba.

Shi ya sa masanin harsuna Morris Swadesh ya ware jerin kalmomi 100 da ba a cika aronsu ba. Gwada da kanki yau da dare: ido, kunne, hanci, jini, ruwa, wuta, rana, dutse, kifi. Jera su kusa da takwarorinsu na Larabci, ain, uzun, anf, dam, ma'u, nar, shams, hajar, samak, ki ga nawa za su rage miki. Dubi ƙidaya kuma: ashirin, talatin, arba'in har zuwa casa'in aro ne, amma ɗaya, biyu, uku, huɗu namu ne, kuma kafin ashirin ta shigo ana cewa gomiya biyu.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, don kusan kullum sai an turo mini irinsa. Wani ya tashi a Facebook ya jera kalmomi ashirin, ya ce ya gano Hausa daga Ibrananci take, gobe wani ya ce Japananci, mutane na ta kabbara a ƙasa. Duk cikinsu ba wanda ya tambayi kansa: kalma nawa za su yi kama bisa katari kawai? Lissafin ba wuya. A ce harsuna biyu ba su taɓa haɗuwa ba, kowanne yana da baƙaƙe 20 da ake amfani da su daidai wa daida. Damar baƙin farko na kalma ya dace da na takwararta ɗaya ce cikin 20, wato kalmomi 5 cikin 100 kyauta, ba dangantaka ba komai. To ki sassauta ma'ana, ki yarda "rana" ta dace da rana, ko yini, ko haske, ko zafi, ko sama. Kin jefa ƙuri'a sau biyar ke nan, adadin ya haura zuwa kusan 23 cikin 100. Ki ƙara da cewa b da f da m duk ɗaya ne tunda da leɓe ake furta su, sai abin ya wuce misali. Sannan ki buɗe ƙamus mai dubban kalmomi ki tsinci waɗanda suka yi miki daɗi, ki yi shiru a kan sauran. Da wannan dabara zan iya haɗa Hausa da kowane harshe a duniya kafin la'asar. Masanin harsuna Donald Ringe ya fitar da lissafin katari dalla-dalla a 1992, amma masu jerin kalmomin nan ba karatu suke yi ba, yabo suke nema. A harshen Mbabaram na Ostareliya sunan kare "dog" ne, daidai da Turanci, kuma ba aro ba ne. Wa zai ce su 'yan Ingila ne?

Abin mamakin shi ne akwai dangantaka ta gaske, sai dai ta 'yan'uwantaka mai nisa. Hausa tana cikin harsunan Cadi tare da Bole, Ngizim, Bade da Angas, su kuma reshe ne na babban gidan Afro-Asiya, inda Larabci yake a wani reshen. Shaidarta takan ɓuya a inda mai gaggawa ba ya dubawa: "mutu" da "mata" ta Larabci mai nufin ya mutu, "halshe" na Sakkwatawa da "lisan", "ka" da "ki" na namiji da mace, da "ta" ɗin nan ta tamata, waɗanda Larabci ma yana da su. Irin waɗannan ba a kasuwa ake ɗauko su ba.

Kada kuma ki gudu daga wannan rami ki faɗa na lissafin shekarun da harsuna suka yi da rabuwa. Swadesh ya ɗauka harshe na riƙe kashi 86 cikin 100 na jerin a kowace shekara dubu, amma masana biyu, Bergsland da Vogt, sun nuna a 1962 cewa harshen Iceland ya riƙe fiye da haka nesa ba kusa ba, na Norway kuwa ya zubar da yawa, alhali tushensu ɗaya.

Kada ki yar da kalmomin da kika tara. Kasa su gida-gida, addini, shari'a, kasuwanci, ƙidaya, sassan jiki, ki fitar da kason aro a kowane gida, ki rubuta ƙa'idar da kika bi wajen yanke cewa kalma ta aro ce tun kafin ki fara ƙirga. Sauya kan babin ya koma yaɗuwar kalmomin Larabci a fannonin Hausa, ki kai wa malaminki ranar Litinin.