Kafin ki ba Baba man wiwi, ga abin da na gani a jinyar Mama

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ba Baba lafiya. Kin ce shekarunsa 76, ciwon gwiwa ya hana shi barci, an kuma ba ki shawarar man wiwi irin na asibiti. Shekara biyu na yi ina jinyar mahaifiyata da shi, da takardar likita, don inda muke zaune doka ta yarda.

Don Allah ki fara tattara duk magungunan da yake sha ki kai wa likitansa. Mama tana kan warfarin, maganin tsinka jini. Sinadarin CBD da ke cikin man wiwi, wanda ake ganin ba shi da illa tunda ba ya bugarwa, yana rage wa hanta saurin sarrafa warfarin, sai maganin ya taru a jiki, jini ya tsinke fiye da kima. Duk mako ake auna jininta a farko, har aka rage mata ƙwayar.

THC, wani sinadarin da ke cikin wiwi, shi ne mai bugarwa, kuma shi ya fi ba mu wahala. Yana ƙara bugun zuciya, yana kawo jiri idan mutum ya miƙe tsaye, jikin tsoho kuwa ba ya saurin fitar da shi. Man da aka haɗiya yakan kai awa ɗaya zuwa biyu kafin ya kama. Wani dare Mama ta ji shiru, ta ƙara ɗigo ba ta gaya mini ba. Cikin dare ta tashi za ta bayi, jiri ya kwashe ta. Allah Ya tsare ƙugu bai karye ba, amma har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi. Tun ranar kwalbar ta dawo hannuna.

Amfani kam mun gani. Barcinta ya gyaru, zugin jijiyar ƙafa ya lafa. Gwiwar dai ba ta sauya sosai ba, kuma likitanta dama ya ce an fi samun dacewa a ciwon jijiya da aman da maganin ciwon daji (kansa) ke haddasawa. Tun 1985 Amurka ta amince da ƙwayar dronabinol, mai ɗauke da THC, saboda wannan aman.

Ki gaya mana, Baba yana da ciwon zuciya, ko mantuwa ta fara kama shi? Idan akwai ɗaya daga ciki, ni ba zan yarda THC ya shiga bakinsa ba sai likitan ya sa hannu.