Kada ka ɗaure tsohon karenka

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena da ka turo murya daga wajen Ringim, na saurare ka har sau biyu. Ka ce karenka ya kai shekara 10, da safe sai ya yi ta fama kafin ya miƙe, kana tambaya ko ka ɗaure shi a gida ya huta gaba ɗaya.

To, don Allah kada ka ɗaure shi. Ɗaurin nan shi zai ƙarasa shi. Gaɓar da ta tsufa in ba ta motsi sandarewa take yi, naman cinya kuma ya zube. Amma farauta kam, ta ƙare masa. Kare ba ya cewa ya gaji, da ya ga matasa sun zabura shi ma zai bi. Karena Duna haka ya yi mini, ya bi zomo sau ɗaya, kwana uku sai dai in tallafi ƙugunsa da tsumma ya tashi. Wallahi har yau abin na damuna.

Abin da na koma yi, bayan asuba mu taka zuwa bakin gona, kamar minti 15, mu dawo. Da la'asar sakaliya mu sake. Shi ke jan tafiyar, in ya tsaya shinshina in jira shi. Kullum kaɗan-kaɗan, ba wai ka tara masa ranar Juma'a ba. Da bazara ka fara taɓa yashi da bayan hannunka, in ya ƙona ka to ku fasa. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi, tsoho kuwa ba ya jurewa. Ruwa kada ya yanke a kaskonsa. Kun san hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa Allah Ya gafarta masa.

Da hunturu ka shimfiɗa masa buhu da tsummokara a lungun da iska ba ta bugawa. Haƙori ya yi rauni, sai ka jiƙa masa tuwo da romo, amma ban da mai albasa, tana lalata musu jini. Dafaffen ƙashin kaza ma a'a, tsagewa yake. Ka riƙa duba kaska a kunne da tsakanin yatsu.

Eh, sai magani. Kada ka sayo ibuprofen ko diclofenac a kemis ka ba shi don ka ga yana ɗingishi. Suna ci musu ciki, su taɓa ƙoda. Ka nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, ya kuma yi masa allurar rigakafin haukan kare ta shekara, tsufa ba ya ɗauke ta. In ka ga yana shan ruwa fiye da ƙima yana ramewa, kada ka jira ranar kasuwa.

Ka ɗauko mana bidiyon tafiyarsa gobe da safe, in ga wace ƙafa yake ja.