Tsohuwar kwamfutata za ta iya zama rauta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da shagon buga takardu da cike fom a Yelwa, Bauchi. Kwamfutoci takwas gare ni, ga ɗalibai masu neman wayifai, kuma data na ƙarewa ban san mai shanye ta ba. An ce tsohuwar kwamfutar da na jingine za ta iya zama rauta. Da gaske ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Da gaske ne, kuma manhajar da za ta mayar da ita rauta, wato na'urar da ke raba intanet, kyauta ce. A shago irin naka OPNsense zan zaɓa. Daga wata manhajar rauta mai suna pfSense aka tsago ta a 2015, dukansu a kan FreeBSD suke, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows. Za ta nuna maka na'urar da ta fi jan data, ta ƙayyade wa kowa rabonsa, har ta fitar maka da tikitin awa ɗaya ko na yini da za ka sayar wa ɗalibai.

Kwamfutar tana buƙatar kafar kebul biyu: ɗaya ta karɓo intanet daga modem, ɗaya ta kai wa suwic ɗin shago, wato akwatin da ke haɗa kebul ɗin kwamfutocinka. Galibin tsofaffin kwamfutoci kafa ɗaya gare su, sai ka ƙara katin da zai ba ka kafa ta biyu. Don Allah ka nemi mai ɗauke da Intel ko da na hannu ne, domin na Realtek yakan yi gardama da FreeBSD.

Kwashe takardunka tukuna, saboda girkawar za ta goge komai. Ka zuba manhajar a filas, ka tayar da kwamfutar daga nan. In ta tambaye ka tsarin faifai, zaɓi ZFS, ya fi jure ɗaukewar wuta ba zato. Sannan ka duba adireshi, wato lambar da na'urori ke gane juna da ita: OPNsense tana zuwa da 192.168.1.1, in modem ɗinka ma shi ke gare shi za su yi karo, intanet ta ƙi wucewa. Mayar da nata 192.168.10.1, ka kuma canza kalmar sirri nan take. Wayifai kuwa kada ka ɗora mata. Ka jona ƙaramar rautarka a suwic, ka kashe DHCP ɗinta, wato tsarin da ke raba wa na'urori adireshi, ita ta riƙa ba da wayifai.

Inda nake so ka tsaya ka yi lissafi shi ne wuta, don rauta ba ta barci. A ce kwamfutar na cin wat 80: dare da rana, kusan yunit 58 ke nan a wata, ga nauyi a kan inbata. Ƙaramar kwamfuta mai cin wat 12 ba za ta kai yunit 9 ba. Shawarata, ka koyi aikin a kan tsohuwar na wata ɗaya ko biyu, in ka ga riba ka sayi ƙaramar, ka kwashe saitinka a fayil guda ka mayar can. Kafin nan, ka saita BIOS, wato saitin da ke tayar da kwamfutar, yadda za ta kunna kanta in wuta ta dawo, kuma ka riƙa hure mata ƙura lokacin hunturu, kada fankarta ta toshe.