Laulayi ya tafi kuma ban ji motsi ba, ko cikin ya kwanta ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti Sista, dan Allah a ɓoye sunana, daga Jekadafari nake a Gombe. Cikina na fari ne, wata 3 kenan ban ga al'ada ba. Da ina ta amai ko ƙamshin girki bana so amma kwana biyun nan na ji sauƙi, ga shi ba motsi kuma cikin bai fito ba. Hajiyar maigidana tace kwanciya yayi za ta kawo min jiƙo a tayar da shi. Wallahi hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Duk abin da kika lissafo shine muke tsammanin gani wajen sati 12, dan haka ki ɗan saki ranki. Mu a asibiti da sati muke lissafi, daga ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe, ki nemo ranar nan ki rubuta dan ita za a fara tambayarki.

Laulayin nan akwai wani sinadari da jiki yake fitarwa, hCG, shine ma yake sa tsinken gwajin fitsari ya nuna layi biyu. Yana ta hawa har wajen sati 10 sai ya fara sauka, daidai lokacin kuma mabiyiya tana karɓar aikin riƙe cikin, shi yasa mata da yawa daga sati 12 zuwa 14 sai ki ga sun warware sun koma cin tuwonsu, yawan tofar da yawun ma ya ragu. Wasu kuma nasu sai ya kai wata 4 ko 5, kowa da irin jikinta.

Motsi kuwa yana yi, ke ce ba za ki ji ba. Yaron yanzu tsawonsa santimita 5 zuwa 6 ne daga kai zuwa mazaunai, kamar lemun tsami, yana yawo cikin ruwa, ina ƙarfin da zai shure ki har ki sani? Amma an gama fasalta shi, yatsun hannu da na ƙafa sun rabu, farce ya fara fitowa, ƙoda ta fara yin fitsari, zuciya tana bugawa kusan 150 zuwa 160 a minti ɗaya, kusan ninkin taki. In aka ɗora miki na'urar sikanin za ki ga wani ɗan ɗigo yana ƙifta-ƙifta a ƙirji, wani lokacin ki ga ya yi zillo ya ɗaga hannu, ni har yau in na gani sai na ce Allahu Akbar. Mai cikin fari sai sati 18 zuwa 20 take fara jin motsi, wadda ta taɓa haihuwa tana iya ji tun sati 16. Kar kuma ki matsa wa mai sikanin da namiji ne ko mace, yanzu hasashe kawai zai yi miki.

Cikin bai fito ba saboda mahaifar yanzu ne take leƙowa saman ƙashin mara. In zani ya fara matse ki yawanci iska ce da taurin bayan gida, hanji yana yin nawa a wannan lokacin, sai ki yawaita ruwa musamman da zafin Gombe ɗin nan, ki haɗa da zogale, alayyahu, wake da lemu.

Maganar jiƙo, ki lallaɓa Hajiya cikin ladabi ko ki sa maigidan ya yi mata bayani, amma kar ki sha. Ciki baya barci ya tashi. Abin da ake kira kwanciyar ciki ko dai lissafi ne ya kuskure, ko dama babu cikin, ko kuma yaron ya daina girma a ciki wanda wannan sai an duba an cire. Sikanin ɗaya zai raba gardama, kuma a wannan watannin ne ya fi faɗin kwanan ciki daidai. Jiƙon da ba a san me aka haɗa ba shi zai iya jawo ɓarin da ake gudu, alhali kin kusa wuce lokacin da ɓari ya fi yawa.

Abin da yake ɓata min rai shine matanmu sai ciki ya kai wata 5 ko 6 suke zuwa awo, wai kunya ko kar a sani. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 tace awo 8, na farko cikin sati 12 ɗin farko. Ki je satin nan, a auna jini da hawan jini da fitsari, a baki folik asid da maganin ƙarin jini. Fansida na rigakafin maleriya sai daga sati 13 ake farawa, su za su baki, kar ki saya a kemis da kanki, ki dai riƙa kwana cikin gidan sauro.

In kika ga jini ko kaɗan ne, ko ciwon mara mai tsanani musamman gefe ɗaya, ko zazzaɓi, ko amai ya dawo har ruwa baya zama, kar ki jira ranar awo, ko da dare ne ki tashi maigidan ya nemo Keke Napep ku tafi asibiti.