Tambaya da Amsa: Riƙe Fallen Ƙarfe da Maganaɗisu a Wajen Walda

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai walda ne a Suame Magazine, unguwar makanikai da masu aikin ƙarfe da ke Kumasi, inda nake haɗa akwatuna da ƙofofi da fallen ƙarfe marar kauri. Na ga wasu abokan sana'a suna riƙe falle biyu da maganaɗisu mai ƙarfi maimakon su matse su da maɗauri. Shin wannan dabara tana da inganci? Daga mai karatu a Aboabo.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Dabarar tana da kyau, amma a ganina aikin maganaɗisu ya ƙare da zarar ka ɗiga walda a wurare biyu ko uku ta kama, domin daga nan sai ka cire shi kafin ka ja dogon layi.

Babban dalili shi ne zafi. Maganaɗisun nan masu tsananin ƙarfi, waɗanda ake yi da sinadarin niyodimiyam, sukan fara rasa ƙarfinsu idan zafi ya haura digiri 80 a ma'aunin Salshiyos, kuma ƙarfin da ya tafi ba ya dawowa ko da sun huce. Ƙarfe kuwa ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,500, sa'annan fallen da ba shi da kauri yana ɗaukar zafi nan da nan ya kai shi inda maganaɗisun yake. Baƙin maganaɗisu irin na cikin lasifika ya fi jure zafi, sai dai riƙonsa bai kai na wancan ba. Ban da haka, maganaɗisu yana karkatar da wutar walda daga inda ka nufa, musamman idan injinka na DC ne, wato wanda lantarkinsa ke tafiya ta fuska ɗaya kawai, sai walda ta yi tartsatsi ta bar ramuka. Saboda haka ka nisanta maganaɗisun daga bakin haɗin gwargwadon iko.

Kada kuma ka dogara da nauyin da aka rubuta a kwalinsa cewa yana iya riƙewa, domin an auna shi ne a kan ƙarfe mai kauri, mai santsi. A kan siririn falle riƙon yana raguwa ƙwarai, fenti da tsatsa da garin ƙarfe suna ƙara rage shi, kuma zamewa gefe ta fi ɓamɓarewa sauƙi. Idan fallen ya fara lanƙwasa saboda zafi, maɗauri mai noti ne kaɗai zai danne shi. Alminiyom da tagulla da yawancin ƙarfen da ba ya tsatsa ba sa kama maganaɗisu ko kaɗan.

Ina roƙonka ka kula da yaran shagonka, domin manyan maganaɗisu biyu idan suka haɗu da ƙarfi suna iya matse yatsa ko su fashe ɓarɓashi ya shiga ido. Duk wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya kada ya kusance su.