Tambaya da Amsa: Wa ke sakar mana ruwan Tiga?

Salam Malam, don Allah ina da tambaya. Mu nan yankin Auyo duk shekara in damina tayi nisa sai ace an saki ruwan Tiga, shinkafa ta nutse, in rani yazo kuma wasu na kukan ruwa baya isowa gonakinsu. Wai ba wanda ke lissafin ruwan nan ne? Daga wani manomi a Jigawa.

Wa'alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya mayar da alheri. Akwai masu lissafi mana, hukumar raya kogunan Hadejia da Jama'are ce ke riƙe da dam ɗin Tiga da aka gama a 1974 da na Challawa da aka gama a 1992, amma fa ba kullum ne wani ke buɗe ƙofa ba, in dam ya cika maƙil ruwan da kansa yake tsallakewa ta magudanar da aka yi masa don kar bangon ya fashe, kuma ka ga yadda dam ɗin Alau ya fashe ruwa ya mamaye Maiduguri a Satumban 2024, ai ba fata muke ba.

Inda gizo ke saƙar shine ruwa ɗaya ne masu shi da yawa. Kano na ɗiba ta sha, masu noman rani na Kadawa da Kura na so, ku na kwarin Hadejia kuna so, masunta da makiyaya na Nguru da Gashua suma suna jira, kowa da lokacin da yake buƙata. Ga ciyawar kachala da yashi sun toshe hanyoyin, ruwan da ya kamata ya miƙe sai ya fantsama cikin gonaki. Shiyasa a 2006 jihohi shida, Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato suka zauna a Damaturu suka kafa asusun kula da kogunan tare, shawara ce mai kyau wlh, aiwatarwa ce ke tafiyar hawainiya.

Maganar lissafi kuwa ba wani sihiri bane. Sanda ce mai lambobi ake kafawa a gindin gada, misali a Wudil, wani ya duba safe da yamma ya rubuta inda ruwa ya kai, yanzu ma akwai na'urar da ke turawa kai tsaye ta waya. Ruwan da ya wuce Wudil sai yayi kwanaki kafin ya iso ku, to in wannan lamba ta fito daga fayil ɗin ofis ta shiga rediyo da WhatsApp na ƙungiyar manoma da Hausa, ai mutum zai iya kwashe injin ban ruwansa da buhunan taki, ko ya yanke abinda ya nuna. Hukumar NIHSA, wato ta gwamnatin tarayya mai lura da yawan ruwan koguna, tana fitar da hasashen ambaliya duk shekara kafin damina, har da sunayen ƙananan hukumomi. Ku sa shugaban ƙungiyarku ta masu ban ruwa ya nemo shi, sannan ya nemi ofishin hukumar kogunan su ba ku jadawalin sakin ruwan rani a rubuce tun kafin ku zuba iri.