Shago a metabas: su wa suka ci riba, su wa suka tafka asara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da turaren wuta da humra, kuma yawancin masu saye ta Instagram da WhatsApp suke samu na. Ƙanina ya dame ni da zancen Web3 da metabas, wai manyan kamfanonin duniya duk sun koma can, wanda bai buɗe shago ba an bar shi a baya. Mene ne waɗannan abubuwa, kuma in zuba kuɗina? Daga wata 'yar kasuwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ƙanin naki ya zuba abubuwa biyu ne a buhu ɗaya, bari mu raba su.

Shafinki na Instagram shagon haya ne. Ke kika tara mabiyan da guminki, amma makullin yana hannun mai gida. Kin tuna ranar 4 ga Oktoba 2021, da Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke na kusan awa shida? Ko lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022? Masu talla a can sun ji a jikinsu. Wannan ciwon ne Web3 ya ce zai magance. Gavin Wood, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Ethereum, wani tsarin kuɗin intanet, shi ya raɗa sunan a 2014. Manufar ita ce a ajiye bayanan wa ya mallaki me a wani kundi da ake kira bulokcen, wanda dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, ta yadda babu kamfani ɗaya da zai wayi gari ya goge ki. Takardar shaidar mallaka da ake rubutawa a wannan kundi ita ce NFT.

Metabas kuwa duniya ce ta cikin kwamfuta, inda mutum ke shiga da wani mutum-mutumi da ke wakiltarsa, ya yi yawo, ya yi wasa, ya sayi kaya. Zancensa ya yi tashe ne bayan kamfanin Facebook ya sauya suna zuwa Meta a Oktoban 2021.

Gaskiya ne manyan kamfanoni sun ruga can, amma ƙanin naki bai ba ki ƙarshen labarin ba. A Nuwamban 2021 an sayi fili a duniyar Decentraland kan kuɗin da ya kai dala miliyan 2.4, filin da ba a iya shuka ko gero a kai. Daga baya farashin irin waɗannan filaye ya rushe, domin mutanen da aka yi zaton za su cika titunan ba su zo ba. Nike ya sayi kamfanin RTFKT mai ƙera takalman NFT a Disamban 2021, bayan shekara uku ya sanar da rufe shi. Starbucks, mai sayar da kofi a Amurka, ya fito da tsarin Odyssey a ƙarshen 2022, inda masu saye ke tara tambarin NFT a matsayin tukuici, ya rufe shi a Maris 2024. Shi kansa Meta, sashensa mai kula da wannan harka ya yi asarar dala biliyan 13.7 a 2022, da biliyan 16.1 a 2023. Mu da muka daɗe muna bin waɗannan abubuwa mun taɓa ganin irin haka: wajen 2006 kamfanoni sun yi rububin buɗe shaguna a duniyar Second Life, ba a jima ba da yawansu suka tattara.

To ina aka ci riba? A inda jama'a suka riga suka taru don nishaɗinsu, ba don talla ba. Dandalin wasa na Roblox yana da masu shiga sama da miliyan 70 a kullum a ƙarshen 2023, galibinsu yara da matasa. A Mayun 2021 Gucci, kamfanin kayan ado masu tsada, ya buɗe wani lambu a ciki na mako biyu, har wani ya sayi jakar Gucci ta cikin wasa a kan sama da dala 4,000, fiye da kuɗin jakar gaske. Me ya sa? Saboda abokansa suna wurin, kuma za su gan shi da ita. Ado ai don idon jama'a ake yin sa. Abin lura kuma, Roblox ba Web3 ba ne ko kaɗan, kamfani ɗaya ne ke riƙe da komai, jakar ma ba ta fita daga cikin wasan.

Don haka Hajiya, kada ki sayi fili, kada ki biya kowa ya gina miki shago. Masu sayen humrarki ba sa can, kuma wayoyinsu ba sa kai musu ƙamshin turarenki ta intanet. Amma damuwar da ta haifi Web3 damuwa ce ta gaske, kuma maganinta yana hannunki ba tare da bulokcen ba. Ki rubuta lambobin masu sayenki, da yardarsu, a littafi da kuma wani wuri da ba Instagram ba. Ki kunna tabbaci mai mataki biyu a Instagram da WhatsApp, domin satar shafi tana kashe ƙananan 'yan kasuwa a dandalin. Tukuicin da Starbucks ya kashe maƙudan kuɗi a kai, ke kina iya yin sa da ɗan kati: wadda ta saya sau biyar, ki ɗora mata gyara.

Tambaya: Malam, na yi watanni ina danna Hamster Kombat, wasan nan na Telegram da ake danna allo don tara sulallan intanet, a 2024, abin da na samu bai kai kuɗin datar da na ƙona ba. Shin wannan ma talla ce? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Talla ce ɗan'uwa, kuma kai ne hajar. Ka tuna ayyukan da ake ba ku kullum: bi wannan shafi, kalli wancan bidiyo a YouTube, gayyato abokai. Kamfanin yana tara miliyoyin idanu, idanun nan kuma su ne abin da masu talla ke biya a kai. Ku kuma aka biya ku da sulallan da kamfanin ya ƙirƙira da kansa. Da aka fara cinikinsu a ƙarshen Satumban 2024, kowa ya fito sayarwa lokaci guda, farashi ya faɗi. Abin yana damuna ƙwarai, domin na ga matasa masu basira sun ba da dare da rana a kai. Idan aka sake kawo maka irin wannan, ka tambayi abu ɗaya: wa zai sayi sulallan nan, kuma me zai yi da su ban da sayar wa wani?

Tambaya: An turo mini saƙo wai wani babban kamfanin takalma yana raba NFT kyauta, sai dai in shigar da kalmomin sirri 12 na walat ɗina, wato asusun da nake ajiye kuɗin intanet. In saka? Daga wani mai gyaran waya a Maraɗi.

Amsa: Kada ka saka, maigida. Kalmomin nan su ne makullin dukiyarka gaba ɗaya, kuma babu kamfanin gaskiya da zai nema. Wanda ya same su zai kwashe komai cikin minti ɗaya, kuma a bulokcen babu banki ko ofishin da zai dawo maka da ko sisi. Ka goge saƙon, ka rubuta kalmomin a takarda ka adana, kada ka ɗauke su hoto. Idan kuwa ka riga ka shigar da su a wani shafi, buɗe sabon walat yanzu ka kwashe abin da ya rage zuwa can.